Katin da Na Ɗaura wa Jan Zare

Shekara goma sha tara na yi ina gadi a gidan ajiyar maganin dabbobi na wata ƙungiya a Belbeji, kuma a duk shekarun nan ko allura ɗaya ba ta ɓata a hannuna ba. Na fara da wannan ne don shi nake faɗa wa kaina duk lokacin da abin da zan ba da labari ya taso mini. Bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Ni mutumin wajen Falanko ne, ɗan manoman gero. Aji huɗu na yi a lakkol, makarantar boko, aka fitar da ni na koma gona. Ina karanta lamba, ina karanta suna in an rubuta shi da manyan baƙaƙe. Faransancina bai wuce na gaisuwa ba. Aikin gadi ya same ni da ƙarfina, na tsufa a cikinsa.

Abin da ya sa ake ganin girmana a gidan, zabira ce. Wani baduku Buzu ya ɗinka mini ita da jar fata, ina rataye ta a wuya ƙarƙashin riga. Duk makullan gidan a ciki suke: na magaza inda ake jibge kaya, na biro wato ofis, na ɗakin sanyi inda ake ajiye allurar rigakafi. Doka ce da na gada daga mai gadin da na karɓa a hannunsa, cewa makullin wurin aiki ba ya kwana a aljihun kowa. Da safe mutum ya tsaya a bakin ƙofa, mu gaisa, in ba shi nasa. Da yamma ya dawo mini da shi. Shugabanni uku suka zo suka tafi, ba wanda ya taɓa wannan tsari.

Cikin ma'aikatan akwai wani Bafillace ɗan wajen Gangara, shi ne mai yi wa dabbobi allura. Bai cika arba'in ba a lokacin, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, saboda haka tun ranar da ya ji wannan ya ɗauke ni abokin wasa, ni ma na ɗauke shi. Ba ya shiga gidan sai mun taɓa.

Yakan ce, "Bawana, an tashi lafiya? Miƙo makullin nan da sauri, kada in kai ka kara, cikin dabbobi, ranar kasuwa in sayar."

"Kai da ba ka da ko akuya? Bafillacen da ba saniya, sai sirinji a aljihu!"

"Bar ganin haka, tsohon Babarbare. Matsalar kawai ko kyauta na ba da kai, kafin la'asar an dawo mini da kai."

Haka muke kullum. Amma a bakin rijiyoyi mutum ne mai nauyi. Makiyayi ba ya miƙa wa kowa wuyan saniyarsa. Shi kuwa yana jin Fillanci, yana taɓa Buzanci, kuma shekara da shekaru ba a taɓa cewa allurarsa ta cuci dabba ba. In ya ce magani mai kyau ne, garke yana shigowa. Wannan shi ne dukiyarsa, ba shi da wata.

Shugabarmu ta ƙarshe likitar dabbobi ce 'yar Damagaram, muna ce mata Madam. A zamaninta aka kafa allunan hasken rana a kan rufi, aka gina sabon ɗakin sanyi a can cikin magaza, mai ƙofa mai kauri da roba a gefe. Sannan aka turo wani mai haɗa na'urori ya kwana uku yana aiki.

Na bi shi ina kallo, don ba na barin baƙo ya yi yawo a gidan shi kaɗai. A jikin ƙofar magaza, da ta biro, da ta ɗakin sanyi, ya liƙa wani ɗan baƙin akwati kamar sabulu. Ya ce wannan shi ne mai karanta kati: ka kara kati a jikinsa, ya yi ƙara, ƙofa ta buɗe. A saman kowace ƙofa ya sa wasu 'yan ƙarafa biyu da ke fuskantar juna, ya ce su ne ke sanin ko ƙofa a buɗe take ko a rufe. Cikin ɗakin sanyi ya rataye wani abu kamar ɗan yatsa, mai auna zafi. Duk ya ja musu waya zuwa akwati guda a biro, akwatin kuma ya haɗa shi da kwamfutar Madam.

Mutum ne mai son bayani. Ya ce mini, "Baba, waɗannan duk baƙi ne. Kwamfuta ba ta san su ba sai na gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake kai baƙo gaban mai gari. In ce mata wannan ƙofar magaza ce, wannan ma'aunin ɗakin sanyi ne. Daga nan duk abin da suka gani sai su faɗa mata, ita kuma ta rubuta. In abu ya ɓaci, ta aika wa Madam saƙo a salula."

Na ce, "To ni kuma me zan yi?"

Ya yi dariya. "Kai ka huta, Baba."

Wannan kalma ce ta toshe mini kunne. Rana ta uku ya tara mu a biro, ya raba mana kati, farare sul, iri ɗaya, sai 'yar lamba ƙarama a gefe. Ya yi dogon bayani, rabi Faransanci rabi Hausa, aka ba mu takarda muka sa hannu. Na tabbata ya faɗi abin da ya kamata in ji. Ni dai ina tsaye bakin ƙofa, hannuna a kan zabira, ina jin makullan da suka zama ƙarfen banza. Abin da kawai na ɗauka daga taron shi ne an canza makullin ƙarfe da na roba.

Mai haɗin yana tafiya na tare ma'aikata a bakin ƙofa, ban da Madam. Su huɗu ne: Bafillacen, da direba, da mai magaza, da mai shara. Na ce, "Wannan abu siriri haka, rana ɗaya zai faɗi a daji. Makulli makulli ne. Ku kawo in ajiye kamar yadda aka saba."

Suka dubi juna. Bafillacen ne ya fara miƙo nasa. Ya ce, "Ku ba shi. In aka raba bawa da zabirarsa mutuwa zai yi, a bar ni da asara." Aka yi dariya, kowa ya ba ni. Na zuba su tare da nawa, suka cakuɗe. Daga ranar ban ƙara sanin wanne ne nawa ba.

Da na zauna na gwada su a ƙofofi, sai na ga ba duka suke buɗe ko'ina ba. Guda ɗaya ne kawai ke buɗe magaza ya kuma buɗe ɗakin sanyi. Na ce a raina, to wannan shi ne makullin ɗakin sanyi. Na huda gefensa da basilla, na ɗaura masa jan zare don kada in ruɗe. In Bafillacen zai ɗauki magani sai in ba shi mai jan zaren, ya gama ya dawo da shi. Madam tana riƙe da nata, kuma tana shigowa a mota bayan kowa ya riga ya shiga, ba ta taɓa ganin rabon ba.

Azumi ya zo mana cikin tsakiyar bazara. Wanda ya san Damargu a wannan lokaci ya san ruwan randa ma ɗumi yake yi. An kawo maganin zagaye na ƙarshe, wanda za a kai rijiyoyin arewa inda garkuna suka taru, yana cikin ɗakin sanyi ana jiran a gyara mota. Bafillacen yana gari, ba ya zuwa ko'ina.

Rana ta biyu da kama azumi na sa bidona, 'yar jarkar ruwa, a kusurwar ɗakin sanyi da safe, na ɗauke shi bayan la'asar. Da aka sha ruwa na kurɓa, na ji sanyi har cikin haƙora. Washegari na sam ma tela maƙwabcinmu. Kafin mako ya cika ina shigar da bido shida, har da na tela, na mai shayi, na wata tsohuwa mai ƙosai, da na liman ɗin masallacin unguwa. Ba na karɓar komai. Addu'a nake sha, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yadda girman da na'ura ta ɗauke mini ya dawo ta wata hanya.

Bafillacen ya gan ni wata rana ina fitowa da su. Fuskarsa ta canza.

"Baba, ɗakin nan ba randa ba ne."

In ya ce mini Baba, to ba wasa a ciki. Amma sai na mayar da shi wasan. Na ce, "Hassada kake yi. Ku da kuka saba shan ruwan tabki tare da shanu, ina kuka san daɗin sanyi?"

Ya yi murmushi kaɗan, ya ce, "Ka dai riƙa rufewa da kyau," ya wuce.

Ranar wata Juma'a Madam ta tafi arewa duba rijiyoyin da za a yi aikin, inda ba rezo, salula ba ta kamawa. Bayan la'asar na shiga na kwaso bidunan, biyu biyu. A zuwan ƙarshe hannuwana duka a cike, sai na tura ƙofar da ƙafa. Na ji ta bugu. Ban waiwaya ba.

Asabar da hantsi na dawo da bidunan. Tun daga tsakiyar magaza na ji wani abu ba daidai ba: iskar wurin da ɗan sanyi, abin da ba a saba ba. Na ƙarasa na tarar da ƙofar ɗakin a sake, tazarar yatsa uku. Guntun igiyar kaba da ta tsinke daga hannun wani bido ya maƙale a ƙasa, tsakanin ƙofa da roba. Na leƙa ciki. Ba sanyin nan mai cizon fuska. Ruwa yana ɗiga daga rufi, kwalayen magani sun yi laushi, injin yana ta gurnani kamar zai fashe.

Na tsaya ban san iya lokacin ba. Sannan na sunkuya na cire igiyar, na sa a aljihu, na goge ruwan ƙasa da rawanina, na ja ƙofar da hannu biyu har ta kama. Na mayar wa mutane bidunansu na ce inji ya samu matsala. Da yamma na koma na duba, sanyi ya dawo kamar da. Na ce alhamdu lillahi. A tunanina magani kamar ruwa ne, in ya yi ɗumi aka mayar da shi sanyi ya koma yadda yake. Ba wanda ya gani. Na yi barci a ranar.

Litinin da safe Madam ta shigo ba ta amsa gaisuwata ba. Ashe tana isowa inda rezo yake a hanya, saƙonni suka zubo mata a salula. Ta ce kowa ya zo biro. Muka tsaya mu biyar, ta juyo da fuskar kwamfutar wajenmu.

Akwai wani zane, zare guda a kwance kamar hanyar tururuwa. Ta bi shi da yatsa. "Wannan sanyin ɗakin ne. Ga shi daidai, ga shi daidai. Nan Juma'a ce da yamma." Daga nan zaren ya tashi ya hau kamar tudun rairayi, ya daɗe a sama, sannan ya gangaro. "Nan Asabar da hantsi, wani ya zo ya rufe."

Ban taɓa zaton abin nan mai kama da ɗan yatsa yana da tunani ba. Na ɗauka yana nuna zafin lokacin da aka dube shi ne kawai, kamar agogo.

Sai ta danna wani wuri, layuka suka fito a jere. Kowane layi da rana, da awa, da minti, da sunan ƙofa. A ƙarshen kowane layi kuma akwai suna da manyan baƙaƙe, irin waɗanda nake iya karantawa. Na karanta. Sunan Bafillacen ne. Na duba layi na biyu, shi ne. Na uku, shi ne. Tun daga rana ta biyu ga azumi, safe da yamma, duk shigar da na yi da ƙafata, na'urar ta rubuta shi ne ya shiga. Juma'a da yamma shi. Asabar da hantsi shi.

A wannan tsayuwar na gane abin da mai haɗin ya faɗa ranar da na toshe kunne. Katin ba na ƙofa ba ne, na mutum ne. An ɗaura kowane kati da sunan mai shi a cikin kwamfuta. Wanda na huda na sa wa jan zare ba makullin ɗakin sanyi ba ne, sunan mutum ne nake yawo da shi a wuya, ina buɗe ƙofa da shi.

Madam ta dube shi. "Me kake yi a ɗakin nan kullum safe da yamma?"

Ya bi layukan da kallo.

"Ka ba wani katinka? Ka san takardar da kuka sa wa hannu ta hana. Faɗa mini gaskiya."

Direba ya sunkuyar da kai. Mai magaza yana kallon rufi. Kowannensu ya san inda katinsa yake kwana, kowannensu kuma ya tuna ya sa hannu. Bafillacen ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce. Kallo ne na wanda ya matsa gefe ya ba babba hanya ya wuce. A tarbiyyarsu yaro ba ya nuna dattijo da yatsa a gaban mutane, ko da wuta yake ciki. Ya ba ni lokaci. Na san ya ba ni, don na ji tsawonsa. Guntun igiyar yana cikin aljihuna, ina taɓa shi.

Ban buɗe baki ba.

Ya mayar da ido wajen Madam, ya ce, "Katina ne."

Ta zauna kamar an tura ta. Ta ce, "Barin ƙofa a buɗe kuskure ne, kowa yana iya yi. Da ka kira ni, ko ka jira ni a bakin ƙofa ka faɗa mini, da na tsaya maka. Amma ka zo ka rufe, ka yi shiru. Maganin nan ya mutu. Ko an mayar da shi sanyi ya riga ya mutu. Da na'ura ba ta faɗa ba, da mun ɗauke shi mun kai rijiyoyi, mun tsira wa shanun mutane ruwan banza, su tafi suna zaton an kare musu dukiya. Kai da ka fi kowa sanin wannan!"

Shi ya sani. Ni ne ban sani ba, sai a lokacin. Na tuna yadda na ce alhamdu lillahi ranar Asabar na je na kwanta.

Ba a kai ga sallah ba takardar sallamarsa ta zo daga sama. Aka ce ya mayar da kayan aiki da kati. Ina zaune a bencina ya iso, ya tsaya nesa kaɗan.

"Malam, a ba ni katina in mayar."

Shekara tara muna tare bai taɓa ce mini Malam ba. Na zaro zabira, na ba shi. Ya tsaya ya kwance jan zaren a hankali, don na ƙulle shi sosai. Ya miƙo mini zaren.

"Wannan naka ne."

Ya shiga biro, ya fito, ya ɗaura buhunsa a bayan moto, wato babur, ya tafi. A ranar sauran ukun suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba lambarsa ya ɗauki katinsa ya tafi. Bayan wata biyu mai haɗin ya dawo ya ƙara kamara a kowace ƙofa.

Na yi ta ba kaina dalilai. Na ce shi yaro ne, yana da sana'a a hannu, ko'ina zai samu aiki, ni kuwa tsoho ina zan je. Na ce ai shi ma ya yi laifi da ya ba ni katin. Na ce gobe zan faɗa. Goben ta kai shekara ɗaya da wata biyar. Matata ta tambaye ni sau da yawa me ya hana ni cin tuwo, na ce ciki ne.

Abin da ya karya ni a kasuwa ya same ni. Na je kara ranar kasuwar Belbeji neman ɗan tunkiya, na zauna a rumfar mai shayi kusa da wasu makiyaya uku da ban sani ba. Suna hira da Hausa saboda dillalin da ke tare da su. Ɗaya ya ce sa biyu suka mutu masa da damina. Wani ya tambaye shi wa ya yi musu allura bara waccan. Ya faɗi sunan Bafillacen.

"To ai shi ke nan," in ji dillalin. "Mai mataccen magani. Ba ku ji ba? Shekaru yana sayar da mai kyau, yana tsira wa shanu ruwa. Na'urar Nasara ce ta kama shi."

Mai shanun ya ce, "Ni yanzu ko kaska ba zan bari ya cire wa karena ba."

Kofin shayi ya kuɓuce mini. Ban san labarin ya fita ba, balle in san yadda ya girma a hanya. Na tambayi mai shayin inda mutumin yake yanzu. Ya ce yana nan wajen Gangara, ya buɗe ɗan teburin maganin dabbobi ba wanda ya saya, ya rufe. Yanzu ruwa yake ja a rijiya yana shayar da garken wani.

Washegari na jira Madam a bakin ƙofa, na bi ta biro. Na ajiye jan zaren da guntun igiyar a kan teburinta, don duka biyun suna cikin zabira tun ranar. Na faɗa mata komai, tun daga karɓar kati har goge ƙasa da rawani.

"Baba," ta ce, "kana tsaye a nan. A nan, kusa da wannan kujera. Ina yi masa faɗa kana ji."

"Ina ji, Madam."

"Na rubuta da hannuna cewa maci amana ne."

Ta rufe fuska da tafi. Da ta ɗago sai ta ce ba za ta iya riƙe ni ba, ni ma ban roƙa ba. Ta ce aikinsa an riga an ba wani, ba ta da ikon dawo da shi, amma za ta rubuta takarda ta wanke shi, ta aika sama, ta ba ni kwafi in kai masa da kaina. Na ajiye zabirar a teburin na fita.

Na same shi a bakin rijiya da hantsi, yana bin raƙumin da ke jan guga. Ya rame, tafin hannunsa duk kanta. Muka gaisa gaisuwar baƙi. Na ba shi takardar, ya karanta har ƙasa, ya ninke, ya mayar mini.

"Na gode, Malam. Amma dubi can." Ya nuna mini makiyayan da ke jiran layin ruwa. "Wa zai karanta musu? Ba a takarda suka ji ba."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba a ranar?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi abin kunya. "Kai ne babba. Na jira ka."

Ranar kasuwa ta gaba na koma kara. Na nemi arɗon da makiyayan yankin ke saurara, na roƙe shi ya tara mini mutane a inuwar rumfar dillalai. Suka taru, Filani da Buzaye da Hausawa, har da dillalin nan. Ban taɓa magana gaban taro ba. Na ce ni ne mai gadin gidan magani. Na ce ni na bar ƙofa a buɗe saboda ruwan sanyin buɗa baki, ni na rufe na ɓoye. Na ce na'urar ba ta yi ƙarya ba, amma kati take gani, ba ta ganin hannun da ke riƙe da shi. Na ce maganin da ya mutu ba a tsira wa ko dabba ɗaya ba, an ƙone shi, kuma mutumin nan bai taɓa sayar da komai ba.

Wani ya yi dariya ya ce, "Duk wannan saboda ruwan sanyi?" Wani tsoho ya tofar da yawu ya tashi. Dillalin ya ce shi dai abin da ya ji ya faɗa. Arɗon ya sa na maimaita maganar kati sau biyu, yana juya ta da Fillanci, sannan ya ce mini, "Ka daɗe ba ka zo ba, tsoho." Na ce haka ne.

Kasuwa huɗu na yi wannan, Belbeji, Gangara, Tanut, da wata ƙarama a arewa. Wasu sun yarda. Wasu har yau suna cewa biyana aka yi in ɗauki laifin.

Aikin ƙungiya bai dawo masa ba. Ya sake buɗe teburinsa a Gangara, kuma na ji mutanen arɗon nan suna kiransa in dabba ta kwanta, ko da yake ba kamar da ba. Ni na koma Falanko ina noma abin da ƙarfina ya iya.

Bara na gan shi a kasuwa yana duba bakin wata saniya, mai ita yana riƙe da ƙaho. Na tsaya har ya gama. Na tattara ƙarfin hali na ce, "Bafillace, har yanzu ba ka mallaki ko akuya ba?"

Ya goge hannu a riga, ya dube ni. Na ga bakinsa ya motsa kamar amsar ta zo masa, irin ta da. Sai ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ya iyali?"

Na ce suna lafiya. Mai saniya na gaba ya riga ya jawo tasa, ya juya wajenta.